Da tsohuwar hanya ake gina sabuwa



Yau maganar hanya zan yi, amma ba ramukan da muke ɗauka hoto kullum muna sakawa a Facebook ba. Ramuka kowa ya gan su. Wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom, ba ya buƙatar a yi mashi bayani. Haka mai bin babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, daga Yamai ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram da Difa: ya san inda mota ke gudu, ya san inda direba ke sauka daga gudron ya bi gefe don gefen ya fi mutunci. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke faruwa ranar da aka ce an zo gyara. Ina tsohuwar hanyar take zuwa? Wa ya biya kuɗinta? Kuma me ya sa muke ɗaukarta shara?

Ra'ayina a fili yake. Tsohuwar hanya dukiyar jama'a ce da aka riga aka biya. Duk inda za a sake gina hanyar kwalta a ƙasar nan, ya kamata tambayar farko ta zama: za a iya niƙe tsohuwar a inda take, a cakuɗa ta da siminti, ta zama ginshiƙin sabuwar? In amsar ita ce e, a yi hakan. In a'a ce, a nuna mana gwajin da ya ce a'a.

Bari mu fara da sanin ita kanta hanyar. Baƙin da muke gani a sama fata ce kawai. A hanyoyinmu da yawa kaurinta bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba: wani wuri tsakuwa ce aka watsa sau biyu a kan narkakkiyar kwalta, wani wuri haɗin kwalta da tsakuwa ne aka shimfiɗa da zafi. Aikin wannan fata shi ne ta hana ruwa shiga, ta ba taya wurin kamawa. Mai ɗaukar nauyi yana ƙasa: shimfiɗar marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa, da aka danne har ta yi tauri, sau da yawa santimita 15 zuwa 20, a kan wata shimfiɗar, a kan ƙasar wurin. Idan fatar ta tsage, ruwan damina ya shiga, marmara ta jiƙa ta yi laushi, kamiyo ya bi ta kai, sai rami. Shi ya sa facin da ake yi da rani ba ya ganin damina biyu. An shafa magani a fata, ciwon kuwa yana cikin ƙashi.

To, yaya aka saba gyarawa? A kankare tsohuwar a jibge a gefe, ko a binne ta. A je a buɗe kariyar a wani daji ko a gonar wani, a haƙo sabuwar marmara, kamiyoyi su yi ta jigila, a shimfiɗa, a danne, a zuba kwalta. Idan aikin ya ƙare, abin da ya rage ma ƙauyen shi ne wawakeken rami da ke cika da ruwa da damina, sauro ya samu gida, iyaye su yi ta fargabar yara masu zuwa wanka.

Akwai wata hanyar yin aikin, kuma ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a gidan ƙasa. Ku tambayi kakanninku yadda ake daɓe. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta haɗe ta yi santsi, sannan a hana kowa takawa sai ta sha iska. Abu uku ne sirrin: abin da ke ɗaure ƙasa, ruwa daidai gwargwado, da bugu. Ku tambayi magina kuma: in katanga ta faɗi, ba a kwashe ƙasarta a zubar. Ana farfasa ta, a jiƙa, a sake kwaɓawa, a yi tubali. Injiniyoyi ba su zo da wani tunani daban ba. Siminti ne ya maye makuba, injin ya maye madaɓi.

Ga yadda aikin yake. Kafin komai ana haƙa ƙananan ramuka nan da can a tsohuwar hanyar, a ga kaurin kowace shimfiɗa, a kai samfurin ɗakin gwaji. Can ake cakuɗa shi da siminti kashi daban-daban, a bar shi kwana 7, a matse shi da inji har ya fashe, a ga wane kashi ne ya ba da ƙarfin da ake so. Galibi abin yana faɗawa tsakanin kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na nauyin ƙasar. Daga nan a baza simintin a kan hanya da awo. Sai wata babbar mota ta bi, a cikinta akwai ganga mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa; tana niƙe tsohuwar kwalta da marmarar da ke ƙasanta har zurfin santimita 20 zuwa 30, tana cakuɗa su da simintin, tankar ruwa na ba ta ruwa daidai awo. Gireda ta daidaita, motar danne ƙasa ta bi ta bi ta sake bi. Wannan dannewar dole a gama ta cikin kamar awa 2 da cakuɗawa, domin siminti ba ya jiran kowa, balle a zafin watan Afrilu. Sannan a yi ta ba shi ruwa ko a rufe shi da siririn ruwan kwalta na kusan mako guda don kada ya bushe da wuri. In ya yi ƙarfi, a shimfiɗa sabuwar fata a sama. Abin da aka samu a ƙasa ya fi marmara zalla ƙarfi, kuma ba ya narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi.

Mu ɗauki alƙalami, lissafin ba wuya. Hanya mai faɗin mita 7, tsawon kilomita 1, zurfin santimita 20: ƙasar da ke ciki mita kubik 1,400 ce, wajen tan 2,800. Idan kamiyo na ɗaukar kubik 10, lodi 140 kenan na kwashe tsohuwa, lodi 140 na kawo sabuwa. Lodi 280 a kilomita guda. A aikin kilomita 50, lodi 14,000. Kowane lodi gazuwal ne, taya ce, ƙura ce a ƙauyukan da ake ratsawa, kuma nauyi ne a kan wasu hanyoyin da su ma za su lalace. Idan kuwa an niƙe a wurin da siminti kashi 3 cikin 100, abin da za a kawo shi ne tan 84 a kilomita, wato buhu 1,680, lodin tirela uku. Ban ce siminti kyauta ba ne, kuma motar niƙan tana da tsada. Amma ku ɗora lodi 280 a hannun dama, lodi 3 a hannun hagu, ku faɗa mani ko bai cancanci a zauna a kwatanta ba.

Wani zai ce wannan dabarar ƙasashen masu kuɗi ce. Ni kuwa gani nake mu muka fi kowa buƙatarta, saboda dalilai uku.

Na farko, kwalta ba tamu ba ce. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, tun da ta fara aiki a 2011, fetur, gazuwal da gas take ba mu. Kwalta daga waje ake sayo ta, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kowa ya ji a aljihunsa. Siminti kuwa namu ne. Malbaza na yin shi tun shekarun 1960, an kuma ƙara wata masana'anta a Badagishiri, duka a jihar Tawa. Ginshiƙi mai ƙarfi yana rage kaurin kwaltar da ake buƙata a sama. Ma'ana, mu ƙara abin da muke yi a gida, mu rage abin da muke saye a waje. Duk mai maganar dogaro da kai, ga wurin gwada shi.

Na biyu, marmara mai kyau ba ko'ina take ba, kuma ba ta tsirowa. Wadda ke kusa da manyan hanyoyi an daɗe ana ɗiba. Duk sabon aiki sai an ƙara nisa, kuma da ka wuce Gure ka nufi Difa, yashi ne ya fi yawa. Alhali ga marmarar da aka zaɓa, aka tankaɗe, aka yi jigilarta shekaru 30 ko 40 da suka wuce, tana kwance a daidai inda ake buƙatarta. Mu da muke da kasuwar Katako a Yamai, inda tsohon gwangwani ke komawa tukunya, tsohuwar taya ta koma guga da takalmi, ai bai kamata a koya mana darajar tsohon abu ba.

Na uku, lokaci. Aikin niƙa a wuri yana tafiya ɓangare-ɓangare, ana iya yin rabin hanya motoci na bin ɗaya rabin. Mai albasar Galmi da ke tseren kai kaya kafin su ruɓe, da mai ciki da aka ɗauko daga ƙauye zuwa asibitin Maraɗi, su suka san bambancin wata uku a kan hanyar ratse da wata goma.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan aiki yana da aibi guda babba a ƙasa irin tamu: da an rufe shi da kwalta, ba mai ganinsa. Ranar buɗe hanya, baƙin sama yana sheƙi ko an sa siminti kashi 3 ko an sa kashi 2. Ku koma ga lissafinmu. Kashi 3 tan 84 ne, kashi 2 tan 56. Bambancin tan 28 ne, buhu 560 a kowace kilomita. A kilomita 100, buhu 56,000. Buhunan nan suna da kasuwa a kowace unguwa, kuma ba su da suna a jiki. Haka zurfi: takarda ta ce santimita 25, injin ya tsaya a 15, wa ya gani? Haka ruwa: a yi rowar tanka, siminti ya ƙone bai kama ba. Haka gaggawa: a saki manyan motoci a kai kafin ya yi ƙarfi don wani babba zai zo yanke ƙyalle. Kowanne daga cikin waɗannan ba ya nuna kansa ranar biki. Sai damina ta uku, lokacin da ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mu kuma mu ce dabarar ce ba ta da kyau.

Yawan siminti ma matsala ne. In ya wuce kima, ginshiƙin ya yi tauri kamar kankare, yana bushewa sai ya tsattsage, tsagar ta fito har saman kwalta, ruwa ya samu ƙofa. Shi ya sa ba da ka ake yin awon ba, ɗakin gwaji ne ke faɗa. Muna da ɗakin gwajin ƙasa na ayyukan hanyoyi da gine-gine a Yamai. Aikinsa kenan. Sakamakonsa bai kamata ya tsaya a aljihun tebur ba.

Kuma gaskiya, ba ko'ina dabarar ke aiki ba. Inda ƙasar ƙarƙashi baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, siminti shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an fara da farar ƙasa ko an canza ƙasar. Inda tsohuwar shimfiɗar ta cinye ta yi siriri, sai an ƙaro marmara. Inda ruwa ke ratsa hanya kuwa, ko da zinariya ka yi ginshiƙin, in babu kwalbati da magudana masu girman da ya dace, ruwa zai tafi da shi. Damanar 2024 ta nuna mana haka ƙarara, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyin fita Yamai, motoci suka yi jerin gwano suna jiran a gyara. Ruwa ba ya karanta takardar kwangila.

Sai babban maƙiyi, wato lodin da ya wuce kima. A Amurka, tsakanin 1958 da 1960, an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi: aka gina hanyoyi iri-iri, aka sa manyan motoci suna zagayawa a kansu dare da rana ana auna lalacewa. Abin da aka fitar shi ne, ɓarnar da gatarin mota ke yi ma hanya ba ta tafiya daidai da nauyinsa, ninkuwa take yi. In ka ninka nauyin gatari sau 2, ɓarnar ta ninku kusan sau 16. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 11.5 ga gatari guda. Kamiyon da ya ɗora tan 16 a kan wannan gatarin yana cin hanya kusan kamar kamiyo huɗu. Ginshiƙin siminti kuma ya fi marmara jin haushin wannan, don shi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Don haka duk wanda ya ce a zuba siminti a hanya amma ya yi shiru a kan sikelin awon motoci, rabin magana ya faɗa. Na san masu kamiyo na kuka da tsadar gazuwal da yawan shingaye, kuma kukansu na da tushe. Amma ribar lodi guda da ta wuce kima, mu duka muke biyan ta, har da su, a garejin gyaran sifirin.

Akwai kuma waɗanda dabarar ba za ta yi ma daɗi ba, gara mu faɗa. Lodi 280 a kilomita abinci ne ga masu tifa da masu kariyar, kuma a kwangila jigila layi ne mai kauri da ke da wuyar bincike: wa ya ƙirga lodin, wa ya auna nisan? Ba na zargin kowa da suna. Ina cewa ne tsarin da ke biyan mutum bisa yawan ƙasar da ya kwasa ba zai taɓa sa shi son barin ƙasa a inda take ba. Masu gini kuma za su iya jin tsoron kada hanya ta shanye simintin kasuwa, buhu ya sake tashi bayan ragin da gwamnati ta yi a watan Oktoba na 2024. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma maganinta tsari ne: a san buƙatar kowane aiki tun da wuri, a yi oda kai tsaye daga masana'anta.

To, me muke nema? Abubuwa biyar, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a cikinsu.

Ɗaya, duk binciken da za a yi kafin sake gina hanyar kwalta ya ƙunshi kwatancen hanyoyin biyu, kankarewa da niƙawa a wuri, da kuɗin kowanne da shekarun da ake sa ran zai yi.

Biyu, allon da ake kafawa a bakin aiki, wanda ke ɗauke da sunan kamfani da mai ba da kuɗi da wa'adi, a ƙara mashi lambobi uku: zurfin niƙa, kashin siminti, da ƙarfin da ake so a samu a kwana 7. A rubuta da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, da harshen mutanen wurin.

Uku, kafin a biya kuɗin ƙarshe, a huda hanyar a wuraren da ɗan kwangila bai zaɓa ba, a fito da gunduwar ginshiƙin, a auna a gaban wakilan gari, a buga sakamakon. Tun 2011 ƙasarmu na da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar samun bayanai da takardun hukuma. Takardar gwajin hanya ba sirrin tsaro ba ce.

Huɗu, inda dole sai an kankare tsohuwar kwalta, a rubuta yawanta da inda aka kai ta. Wannan garin kwalta yana gyara lungunan unguwa da hanyoyin kasuwa da ke zama taɓo da damina. Na gari ne, bai kamata ya ɓace ya bayyana a ƙofar gidan wani ba.

Biyar, a sa yaranmu a aikin. Makarantar EMIG a Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna yaye masu ilmin gine-gine da hanyoyi, da yawansu na zaune a fada suna jiran aiki. Kowace kwangila ta ɗauki wasu daga cikinsu su koyi injin, su koyi gwajin. In ba haka ba, shekara 20 nan gaba za mu ci gaba da hayar mai tuƙa motar daga waje.

Mu kuma namu aikin fa? Ba sai kana injiniya ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In ana aiki a garinku, ƴan fada su raba kwana. Ku lura tirela nawa ta sauke siminti, kuma ina aka sauke. Ku lura ko an baza siminti da safe an bar iska na kwasa har la'asar. Ku lura ko motar dannewa na bin injin a baya-baya, ko sai bayan an ci abinci an huta. Ku lura ko tankar ruwa na dawowa a kwanakin da suka biyo baya. Ku rubuta rana da wuri, ku ɗauki hoto daga nesa ba tare da shiga wurin aiki ko tsangwamar lebura ba, don shi ba shi ya rubuta kwangilar ba. Sannan ku kai tambaya ga hukumar gari da ofishin kula da hanyoyi na jiha, a rubuce, cikin ladabi, da lambobi. Zagi a intanet ana iya share shi da hannu ɗaya. Tambaya mai lamba sai an amsa ta ko a ji kunya.

Kuɗin da aka gina hanyoyin nan da su, wasu na yuraniyom ne, wasu bashi ne da iyayenmu suka biya, wasu har yanzu muna biya, ban da abin da muke miƙawa a shingen peyaj duk tafiya. Tsakuwar da ke ƙarƙashin tayar kabu-kabunka an saye ta tun kafin a haife ka. Da tsohuwar zuma ake magani. Kada mu yarda a zubar da ita a gefen hanya, a kawo mana takardar sayen sabuwa, mu kuma tafa.

Wanda ake aikin hanya a garinsu yanzu, ya je ya karanta allon gobe da safe. In lambobin nan uku ba sa ciki, ya san tambayar da zai fara da ita.